Burodin da Na Ɓoye a Hula Ranar Zaɓe

Jama'a, kafin wani ya riga ni kawo muku labarin da ƙarin gishiri, gara in tona wa kaina asiri. Ni Habila, mai shekara arba'in da bakwai da furfura a gemu, na cusa burodi mai zafi a cikin hulata na tafi wurin zaɓe. Ku gama dariyar, ina jira.

Ga wanda yau ya fara leƙo shafin nan: ni mutumin Malumfashi ne, Bahaushe, ɗan Katolika. Shekarata goma sha ɗaya a birnin Guangzhou na ƙasar Sin ina haɗa wa 'yan kasuwar Kano kaya a kasuwar Canaan, in ɗaure, in raka kwantena har tashar jirgin ruwa ta Huangpu. Matata ta rasu shekara takwas da suka wuce. Tun daga nan a tukunyar da na dafa taliya nake cinta, a tsaye, har Allah ya haɗa ni da Rahila.

A ƙofar coci ya haɗa mu. Tun da aka sake buɗe majami'u bayan kullen annoba, shiga Misa ta koma kamar shiga jirgin sama. Ka nuna lambar lafiyarka a waya, ka rubuta suna, ka ɗaura takunkumi, a fesa maka man tsabtace hannu. Kwanon ruwa mai tsarki na bakin ƙofa an shanya shi. Har yau hannuna yakan kai kansa can ya dawo a bushe. Benci an manna masa takardu, mutum nan, mutum can, kamar shukar dawa. Jibin Ubangiji a tafin hannu ake karɓa. Gaisuwar salama kuwa babu musabaha, sai dai ka haɗa hannuwanka ka rusuna wa na kusa da kai. Sannan a ƙofa akwai mai riƙe da 'yar bindigar nan ta auna zafin jiki. Ta nuna talatin da bakwai da ɗigo uku, to ka koma gida ka ja rosarinka.

Mai bindigar ita ce Rahila. Ma'aikaciyar jinya ce daga Zonkwa, ta zo ƙarin karatu annoba ta rufe da ita. Ranar da na fara ganinta, atamfa shuɗiya ce a jikinta, ɗaurin kallabi irin na matan zumunta, takunkumi fari, ba abin da ake gani sai idanu. Ta saita min bindigar a goshi.

"Talatin da bakwai da ɗigo uku. Baba, koma gefe."

Baba. Ni da na shafa wa gemuna baƙi da safiyar nan.

"'Yar'uwa, rana ce. Daga tasha na tako."

"To, ga bishiya can. Minti goma, ka dawo."

Lahadi huɗu a jere ina zaman bishiyar nan. A ta biyar ta sauke bindigar ta ce, "Malam Habila, shekarata tara ina aikin asibiti, ban taɓa ganin zazzaɓin da yake tashi in mutum ya iso gabana, ya sauka in na ba shi baya ba."

Na ce, "Ai shi ya sa kika zo ƙarin karatu."

Idanunta suka yi dariya. Daga nan aka fara. Wata bakwai ke nan muna saƙonni, muna shan shayi a shagon 'yan Xinjiang da tebur a tsakaninmu, ban taɓa riƙe hannunta ba. Da a da ne, gaisuwar salama kaɗai ta ishe ni hujja, in zauna kusa da ita in miƙa hannu da sunan Ubangiji. Annoba ta zo ta toshe min wannan ƙofar ma. Rahila kuwa in doka ta ce tazarar mita ɗaya, da tef take aunawa.

Matsalar ita ce wanta, Dogara. Babban dillalin takalma ne a Canaan, 'yan Sin na ce masa lawban, wato oga, shi kuma yana amsawa kamar sunan yanka. Na girme shi da shekara huɗu cur, amma Yaya Dogara nake kiransa, har da ɗan rusunawa. Mai neman aure ba shi da shekaru. Mahaifinsu ya rasu, don haka a nan ƙasar shi ne uba. Na kai masa gaisuwa yadda aka saba: goron da ya sha wuyar hanya daga Kano, kwalin lemo biyu, turmin atamfa. Ya duba ya ce, "Mun gani. Za mu duba."

Yana cikin dubawar ne zaɓen ƙungiyarmu ta 'yan Arewa ya taso.

Kada ku raina kujerar nan. Idan ɗanmu ya faɗi rashin lafiya, ko takardunsa suka rikice, ko ya mutu ana neman wanda zai tsaya a kan gawarsa, shugaban ƙungiya ake kira. Da muna da ɗaruruwa. Rufe iyaka ya tace mu muka koma sittin da uku. Kuma zaɓenmu ba na akwati ba ne. Tun kafuwar ƙungiya layi ake yi: ɗan takara ya tsaya, masu sonsa su jeru a bayansa, a ƙirga kawuna. Kowa na kallon kowa.

'Yan takara biyu ne. Yaya Dogara, da Alhaji Abdulƙadir, wani siririn Bakano mai sayar da kayan gini.

Ranar Talata Dogara ya kira ni shagonsa. Ya ture kwalayen takalma ya ba ni kujera, abin da bai taɓa yi ba.

"Dattijo, ka san mu Kirista mu goma sha huɗu ne a ƙungiyar nan?"

"Na sani, Yaya."

"Shekara nawa da kafa ta?"

"Sha shida."

"Sau nawa namu ya hau kujerar?"

Na fara ƙirgawa da yatsu, ban samu ko ɗaya ba.

"Ka gani? Mu ne ma'aji, mu ne masu rubuta bayanin taro, mu ne masu jera kujeru. In an zo shugabanci sai a ce mu bari tukuna. Wannan karon ina da Kanawa da 'yan Maraɗi kusan ashirin da suke tare da ni. In namu suka tsaya cif, an gama. Kai kuma ana kallonka, kai ne babba a cikinmu." Ya gyara agogonsa. "Maganar Rahila tana raina. Ranar Asabar in na juyo na gan ka a bayana, ranar Lahadi sai mu sa rana. Gida ɗaya ba ya yin layi biyu."

Gaskiya ita ce, maganarsa ba duka ce ƙarya ba. Ni ma abin yana min ciwo. Ni da in na ce sunana Habila daga Malumfashi sai a matsa min a sahun salla, in na ce coci zan je sai a dube ni kamar na ɓata hanya. Na san zafin zama ɗan kallo a gidanku.

Amma akwai abin da na sani wanda ya hana ni cewa to.

A shekarar farko ta annoba, lokacin da masu gidajen haya suka riƙa fitar da baƙaƙen fata, ni ma an fitar da ni. Mai gidana ta tsaya a ƙofa da takunkumi biyu tana cewa meyo, meyo, wato babu. Na tsaya a titi da akwati da tukunyar taliyata. Mutum na farko da na kira Dogara ne, don na san yana da rumbun ajiya da babu kowa a ciki. Sau shida na kira. A na bakwai wayarsa ta mutu, ba ta farfaɗo ba sai bayan sati uku. Alhaji Abdulƙadir, wanda ko gaisuwar kirki ba mu yi a lokacin, shi ya zo da motar ɗaukar kaya ya kwashe mu, mu tara, ya zuba mu a rumbunsa. Kwana goma sha ɗaya ina barci a kan kwalayen tayil. Ranar Ista ya leƙo ya ce, "Malam Habila, na ji an ce yau sallarku ce," ya ajiye mana kaza biyu.

To, shugaban ƙungiya aikinsa ɗaya ne: ya ɗauki waya.

Kafin in isa gida saƙon murya ya shigo daga Malumfashi. Gwaggo Talatu ce, ƙanwar mahaifina, wadda ban san wa ya kai mata labari ba.

"Habila, an ce wan yarinyar yana neman sarauta kai kana wani noƙe-noƙe? Kai, ko akuya ya ce ka tsaya a bayanta, ka tsaya! Shekara takwas kana cin abinci a tsaye kamar doki. Ka yi auren tukuna, in ya so ka yi gaskiyarka daga baya."

Na saurara sau uku. Doki dai.

Ana haka, dama tun Lahadin da ta wuce wata wasiƙa take yawo a kaina. A cikin coci nan ba a maganar siyasa, ko ta ƙauyenku ce. Amma bayan Misa mu 'yan Arewa mukan tsaya a ƙarƙashin bishiyata mu gaisa daga nesa. A nan Rahila ta karanta mana wasiƙar da Fada, limamin cocin garinsu, ya aika wa 'yan cocinsa saboda zaɓen da ake shiri a gida. Ya ce ƙuri'a amana ce. Ya ce kada ka sayar da ita, ko da kuɗi ko da alfarma. Ya ce kada ka zaɓi mutum don kawai coci ɗaya kuke shiga ko yare ɗaya kuke yi. Ka dubi abin da ya aikata lokacin da mutane suke bukatarsa, ka tambayi lamirinka a gaban Allah. Ya rufe da cewa wanda ya noƙe a gida ranar zaɓe, shi ma ya yi zaɓe, sai dai bai sa hannu ba.

Dogara ne ya fara tafi a ranar. "Kun ji ko? Lamiri! Lamirin Kirista ai ya san hanyar gidansu."

Ranar Alhamis na kasa daurewa, na rubuta wa Rahila: *Kin san abin da Yaya ya ce min?*

*Na sani.*

*To me zan yi?*

Alamar tana rubutu ta fito, ta ɓace, ta sake fitowa. Sai ga shi: *Ni zafin jiki nake aunawa, Malam Habila. Ba a ba ni na'urar auna lamiri ba.*

Na ajiye wayar na dubi silin. A nan ne Shaiɗan, wanda shi ma da alama yana da katin zama a Guangzhou, ya kawo min shawara.

A filin wani rumbu kusa da Huangpu za a yi zaɓen, kuma mai wurin ya kafa sharaɗi irin na coci: takunkumi, tazara, aunin zafi a ƙofa. Wanda ya kai talatin da bakwai da ɗigo uku ba zai shiga ba. To, mara lafiya ai ba a ce ya ci amanar kowa. Dogara zai ce Allah ya sawwaƙe, Alhaji zai ce Allah ya ba da lafiya, ni kuma in koma gida da aurena da mutuncina, kowanne a aljihu ɗaya.

Ranar Asabar da safe na sa farar shadda, na ɗauko hulata zanna mai zurfi. A bakin tasha na sayi burodin nan nasu da ake turarawa a kwando, fari sol, yana tiriri. Na naɗe shi a leda, na ɗora a goshi, na danna hula. Jama'a, wutar Jahannama gaskiya ce. Tafiyar minti biyar na yi ina karanta addu'ar A Gaishe Ki Maryamu da hawaye a ido.

A lissafina tsohon mai gadin rumbun ne zai riƙe na'urar. Ina shan kwana na hango atamfa shuɗiya.

Ashe ita aka ɗauko, tunda ita ce ma'aikaciyar jinya, kuma jami'an zaɓe ba sa shiga layi. Na so in juya, ta riga ta gan ni.

"Malam Habila, matso."

Ta saita bindigar. Na'urar ta yi ƙara irin wadda ban taɓa ji ba. Rahila ta dubi lambar, ta dube ni.

"Arba'in da ɗaya da ɗigo takwas."

"Tun jiya nake jin jikina wani iri," na ce, na ɗan yi tari.

"Da gaske ne, da yanzu muna zaɓen waƙar da za a rera a jana'izarka. Miƙo hannu."

Ta auna wuyan hannuna. Talatin da shida da ɗigo huɗu. Ta ɗan matso, ta karya dokarta ta mita ɗaya a karo na farko, ta shaƙi iska.

"Cire hular."

"Rahila, mutane na..."

"Cire."

Na cire. Burodin ya gangaro, na cafe shi a ƙirji kamar jariri. Goshina ya yi jawur, da zanen leda a kai.

Ba ta yi dariya ba. Da ta yi, da ya fi min sauƙi. Ta rage murya ta ce, "Wasiƙar da na karanta, kana wurin. Ban ce ka bi Yaya ba, ban ce ka bi Alhaji ba. Amma ni ba zan rubuta ƙarya a takardar nan ba, kuma ba zan auri mutumin da in rana ta yi zafi sai ya shige cikin hula ba. Babu bishiya a nan. Ga kwali can, minti goma. Ka cinye shi kuma, ba a wasa da abinci."

Na zauna a kan kwalin, na zare takunkumi, ina cin shaidar laifina. Ko sukari babu.

Ina cikin ci sai ga Alhaji Abdulƙadir zai shiga. Ya tsaya nesa kaɗan.

"Malam Habila, karin kumallo ake?"

"Bismilla, Alhaji."

"Alhamdu lillahi." Ya waiga, ya ga ba kowa kusa. "Na ji halin da kake ciki. Don Allah ka tsaya a bayan surukinka. Ni na yafe. Ƙuri'a ɗaya ba ta kai mace ta gari ba, kuma wallahi ba don a biya ni na yi abin da na yi ba."

Ya wuce abinsa.

Wannan ita ta ƙarasa ni. Gwaggo ta yanke min hukunci, Dogara ya yi min farashi, yanzu kuma ga mutumin kirki ya yafe min rashin kirkin da ban riga na yi ba. Kowa ya gama sanin inda Habila zai tsaya. Shekara arba'in da bakwai, ashe ba wanda yake tsammanin komai daga gare ni sai lallaɓawa. Na haɗiye lomar ƙarshe, na miƙe.

"Talatin da shida da ɗigo bakwai," in ji Rahila, ba ta ɗago ba. "Shiga."

An manna jan tef a ƙasa, layi biyu, kowane mutum da gurbinsa. A zaɓukan baya mutum yakan shige cunkoso ya ɓuya a bayan wani dogo. Yau tazara ta tsirara kowa. Ni ne na ƙarshen shiga, filin ya yi tsit. Dogara na sanye da babbar riga ruwan madara, ya juyo ya nuna min gurbin da ya bar min, na farko, daf da bayansa.

Na tsaya a gabansa na rusuna, irin ta gaisuwar salama.

"Yaya, ina girmama ka. Amma na kira ka sau bakwai."

Na taka zuwa ɗaya layin. Takalmina sabo ne, a shagonsa ma na saya, kowane taku sai ya yi ƙara kamar yana kai ƙarata. Ina tsayawa na ji motsi. Mutum biyu daga cikin namu, waɗanda muka kwana a kan tayil tare, sun fito daga layinsa sun biyo ni.

Aka ƙirga. Alhaji talatin da uku, Dogara ashirin da takwas. Na yi lissafin sau goma a jirgin komawa ko zai canja: da mu ukun mun tsaya inda aka sa mu, da ya ci da ƙuri'a ɗaya.

Kafin la'asar ɗan aiken kamfanin kai saƙo ya buga min ƙofa. Goro, lemo kwali biyu, turmin atamfa. Har sa hannu sai da na yi, na kuma ce masa shiyeshiye, na gode, don bai san abin da ya kawo ba. Gwaggo ta turo saƙon murya na minti tara, ban buɗe ba. Rahila kuwa ko ɗigo. Na rubuta *Kina lafiya?* na goge. Na dafa taliya, na zauna na ci a faranti, don in nuna wa kaina cewa wani abu dai ya canja.

Ranar Lahadi na sa hular nan dai, ba komai a ciki sai kai. A ƙofa ta saita bindiga.

"Talatin da shida da ɗigo shida. Shiga."

Shi ke nan. Ko bishiya ba a tura ni ba.

Dogara na benci na gaba da nawa. Da Fada ya ce mu ba juna alamar salama, na haɗa hannu na rusuna masa. Ya ɗaga kai yana nazarin rufin coci kamar shi aka ba kwangilar gyara shi. Na ce a raina, ka duba da kyau Yaya, rusunawar dai na yi, kuma ko gobe aka sake layi inda na tsaya zan tsaya.

Bayan Misa ban je bishiya ba. Na fita ƙofar harabar na nufi tasha. Sai na ji, "Habila!"

Babu Malam.

Ta fito har titi, da kwalbar fesawa a hannu, Dogara da sauran jama'armu na biye da ita da ido.

"Miƙo hannu."

Na miƙa wuyan hannu, na zaci aunawa za ta yi. Ta juya shi ta fesa min a tafi. Ta fesa a nata. Ta jira ya bushe, har tana ƙirgawa a hankali. Sannan ta kama hannuna ta riƙe.

"Salamar Ubangiji," ta ce.

"Rahila!" Dogara ya daka tsawa daga bakin ƙofa. "Me kike yi haka?"

"Yaya, takardar ta ce babu musabaha a cikin harabar coci. Nan titi ne."

"Na mayar masa da kayansa! Yanzu zan kira Baffa a Zonkwa, ya ji abin da kike yi a ƙasar mutane!"

"Na riga ka tun jiya. Na faɗa masa komai, har da burodin." Ta juyo gare ni. "Ya ce yana so ya ji muryar mutumin da kansa, da zarar ya fito daga Misar safe."

"Har da burodin?" na ce.

"Da shi na fara."

Dogara na ta danna wayarsa, ana ce masa layin yana aiki. A daidai nan aljihuna ya fara rawa. Lambar Najeriya ce, wadda ban sani ba.

Na san tarbiyya, na san ba a karɓar babba da hagu. Amma da hagu na ɗauka, na ce, "Ranka ya daɗe, Baffa, Habila ne." Hannun daman wata bakwai yana jira, kuma ba ni na riƙe shi ba balle in saka.